Sara Uku a Jikin Kawo

Shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabo cikin yini guda, har kuɗin mota daga Tudun Wada zuwa Kano ya ninka kafin mako ya zagayo, a ranin da ya biyo bayanta ne abin ya faru. Ina rubuta shi ne saboda samarin da ke tsayawa a rumfata ranar kasuwa. Sukan ɗauki akushi su juya shi, su ce wannan ai rami ne kawai a jikin itace. Wani ya ce in na ba shi gizago mako biyu ya ishe shi. Wani kuma ya tambaye ni abin da ya hana ni neman mai inji in huta. Ba na jayayya da su a kasuwa, don bakina bai kai nasu sauri ba. Amma tunda hannuna ya fara sabawa da biro, ga amsar.

Akushin farko da na rarake ina da shekara goma sha huɗu. Kafin nan na yi shekara uku a gaban Baffa Sale, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar Baba. A shekaru ukun nan aikina wasa gatari, ɗaukar gungume, da goge abin da wani ya sassaƙa. Ranar da ya miƙo mini ƙaramin gizago da ɓarin danya, sai na ɗauka na zama masassaƙi. Na yi ta sara ina sauri, har bakin gizagon ya leƙo ta gindin akushin. Baffa bai dake ni ba, bai kuma zage ni ba. Cewa ya yi a riƙa zuba mini tuwo a cikinsa. Kwana uku ina cin tuwo miyar kuka tana bin hujin tana sauka a gwiwata, mutanen gida suna dariya. Daga nan ban sake huda akushi ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Gatari na sara da tsaga. Babban gizago na fitar da siffa ta waje. Ƙaramin gizago mai lanƙwasasshen baki na rarake ciki. Sai makankari da dutsen wasi. Ƙarfen maƙeri ke bugawa daga sifirin na tsohuwar mota, amma ƙota kowa shi ke yi wa kansa, daidai da tsawon hannunsa. In ka ɗauki gizagon wani, sai ka ji kamar ka sa takalmin wani.

Turmi ta kai ake rarake shi, gungumen yana tsaye. Akushi ba haka ba ne. Tsaga gungumen ake yi gida biyu a fitar da zuciyar, domin daga zuciya tsagewa ke farawa, kowane ɓari kuma akushi ɗaya ne. Ana sassaƙa shi yana ɗanye, a bar shi da kauri, a binne shi cikin sassaƙensa a inuwa, wata biyu in babba ne. Wanda ya gaji da jira ya kai shi rana, kafin la'asar zai ji tas, aikin mako ya tafi. Bayan ya bushe ake komawa kansa. Kaurin bango ba ido ke auna shi ba: yatsa ɗaya a ciki, ɗaya a waje, kana zagayawa, sannan ka ƙwanƙwasa ka saurara. Daga nan makankari, sai ganyen ɓaure mai kaushi, sai a babbaka shi a wutar kara har ya yi baƙi, a shafe shi da man kaɗanya yana da zafi. Wannan shi ne ramin da kuke magana.

Masu saye sun ragu tun kafin in yi aure. Roba ta zo, silba ta zo, kula ta zo. Waɗanda suka rage su ne tsofaffi da suka san tuwo ba ya gumi a akushi, da Fulani, da 'yan birni masu rataye shi a bango. Wannan bai taɓa hana ni barci ba. Mai saye yana raguwa yana ƙaruwa. Abin da ba ya ƙaruwa shi ne itace.

Ƙaramin akushi na danya ake yi, tana da laushi, tana kuma ko'ina. Babba, wanda mutum goma za su zagaye, wanda jika zai gada, sai kawo. Kawo kuwa ba ya kai wannan kauri a rayuwar mutum ɗaya. Shi ya sa masassaƙan yankinmu, tsakanin Tudun Wada da Doguwa, suke da al'ada. In mutum ya ga kawo miƙaƙƙe a daji, sai ya yi masa shaidar gidansu. Ta gidanmu sara uku ce, biyu a tsaye ɗaya a gicciye, daidai ƙirji, ta gabas. Ɓawo yakan rufe sara, don haka duk bayan shekara biyu ko uku ake komawa. Ka rage masa rassan ƙasa, ka buga jikinsa da bayan gatari. In ya amsa a dunƙule, ka sabunta shaidar. In ya amsa kamar ganga, gara ko ruɓa ta shiga cikinsa ke nan, sai ka ƙyale shi ɓawo ya shafe saran. Mutum yana sassaƙa abin da kakansa ya shaida, yana shaida abin da jikansa zai sassaƙa. Babu masassaƙin da ke taɓa na wani gida. Ko Fulanin da ke hawa su yanko wa shanu ganyen kawo da rani, in sun ga shaida sai su tsaya a ƙananan rassa.

A wancan rani itatuwa ashirin da shida ne ke ɗauke da saran gidanmu, a wani kwari bayan dutse, tafiyar hantsi daga ƙauyenmu. Ni da Baffa kaɗai muka san su duka. Doka ɗaya ce a kansu: ba a kai baƙo.

Aikin da ya jawo komai wani dattijo ne ya zo da shi, Alhaji Mamman, masunci daga wajen Bebeji. Yana cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya ci garinsu suna samari. Ya zo a achaɓa da wani abu a ƙunshe cikin buhu, ya buɗe, sai ga akushi ya rabe biyu, faɗinsa ya kai kamu uku. Ya ce kakana ne ya sassaƙa wa mahaifinsa, kuma shi da kansa ya ɗauko shi a ka ranar da suka tashi. A cikinsa mazan unguwarsu ke ciyayya a ƙofar gida tun daga lokacin. Wani jika ya ture shi daga kan dakali. Ya ce an ba shi shawarar babban faranti, ya ce shi ba tallan shinkafa zai yi ba.

"Irin wannan nake so, daga hannun gidan nan," in ji shi. "Kuma kafin azumi. Ina so in yi buɗa-baki a cikinsa, don ban san ko zan ga na baɗi ba."

Na ƙirga. Saura wata biyu da kwana goma sha biyu. Bushewa ba a rage mata ko kwana ɗaya. Gogewa da babbaka mako guda. Abin da ya rage bai wuce kwana biyar ba, alhali kayar da babban kawo da gatari, a datsa shi, a tsaga, aikin kwana goma ne ga mutum ɗaya. Baffa ya haura tamanin. Kafaɗata ta dama kuma tun girbi take ciwo. Ya kamata in ce wa dattijon sai bayan Sallah. Amma na dubi ɓarin akushin kakana a ƙasa, na ce to.

Wani Sabo aka nuna mini, mai injin yanka katako daga wajen Kiru. Na gaya wa Baffa zan kwana biyu ina sara a daji, ban ambaci inji ba. Sabo ya zo a babur da injin ɗaure a baya, muka ajiye babur a bakin rafi muka taka. Na bi da shi ta doguwar hanya, ta bayan wani tudu, mu zagaya mu dawo, yadda tsofaffi ke yi da baƙo don ya rikice. Shi kuwa bai damu da hanya ba, ƙorafin mai yake ta yi. Ya ce jiya-jiya ya ƙona rabin galan a kan wani maɗaci, da ya faɗi sai ga cikinsa kogo, ko benci ba zai fita ba. Ya ce a wannan tsadar itace mai kogo ya fi ɓarawo cutarsa.

Da muka isa gindin kawon da na zaɓa, ya ƙi tayar da inji. Ya ce sai na tabbatar masa wannan ba kogo ba ne. Na buga da bayan gatari na ce ya saurara, ya ce shi duk ɗaya yake ji. Sai na kama hannun rigarsa na zagaya da shi ta gabas, na nuna masa saran. Nufina in yi abu biyu a lokaci guda: in kwantar masa da hankali, in kuma ja masa kunne. Na ce duk itacen da ya ga wannan a jikinsa yana da mai shi, kada ya taɓa. Sannan na ƙara da maganar da har yau nake jin ta a bakina. Na ce shaidar gidanmu ba ta zama a kan itace mai kogo, shekara ɗari ba ta taɓa zama ba.

Ya sa yatsa cikin saran, ya bi na tsaye, ya bi na gicciye.

"Ikon Allah," ya ce. "Tsofaffi sun yi ilimi, Malam Haruna."

Na ɗauka yabo ne.

Kafin in gama cin goro kawon yana ƙasa. Kafin azahar ya datsa shi gungume shida. Injin baƙin mai yake sha a sarƙarsa, kuma duk inda ya bi sai ya bar wari. Bayan tafiyarsa na zauna na sassabe bakin kowane gungume da gizago, kusan tafin hannu. Dalili ɗaya, kada tuwon mutane ya yi warin gareji. Dalili na biyu, kada Baffa ya shinshina.

Na tsaga, na fitar da siffa, na binne a rumfar bayan gida. Komai ya tafi daidai har mako biyar. Ranar wata Laraba da hantsi sai ga Juli, wani Bafulatani da ke kiwo ta wajen kwarin, wanda matarsa ke sayen ƙananan akusa a wurina. Ya tsuguna, muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi Baffa, ya tambayi kafaɗa. Sai da gaisuwa ta ƙare ya tambaya ko mun sayar da itatuwanmu ne. Ya ce kwana tara ke nan inji yana kuka a kwarin, a-kori-kura tana shiga tana fita. Ya ɗauka da saninmu, don masu shaida kaɗai ake kayarwa.

Ban tsaya ɗaukar hula ba. Abin da na tarar ba irin ɓarnar da aka saba gani ba ce, inda ake share daji gaba ɗaya. Dajin yana nan. Karkatattun suna tsaye, masu kogo suna tsaye, waɗanda muka daina sabuntawa suna tsaye ba ko ƙwarzane. Tsakaninsu kuma kututture, nan ɗaya, can ɗaya, kowanne ja wur, cikinsa a dunƙule kamar dutse. An tsaga jikin katako a wurin, garinsa ya rufe ciyawa. Rassan an tara an rufe da ƙasa ana toya gawayi, don a shekarar 'yan birni da yawa sun koma gawayi. Hayaƙi na fita ta tudu uku. Mutumin bai yi wahalar neman komai ba. Kakana da ubana da Baffa sun riga sun yi masa zaɓe, ni kuma na koya masa karatun.

Na sami Sabo ranar kasuwar Kiru a teburin mai shayi. Ya tashi ya ba ni benci, ya ce a haɗa mini da madara. Na ce ba shayi na zo sha ba. Bai musa komai ba.

"Malam Haruna, ni gonarka na shiga? Daji ne. In da takarda, nuna mini ita." Ya kurɓa, sannan ya juya ga mutanen teburin. "Amma gaskiya ɗaya ce, mutanen nan sun san itace. Duk cikinsu babu wanda ya ci mini mai a banza."

Wasu suka yi dariya, ba don mugunta ba, ba su san zancen ba ne. Na je wurin mai unguwarmu. Ya jajanta mini, ya ce ya san al'adar tun yana yaro. Amma ya ce in magana ta kai ga ma'aikatan daji, sara uku ba takarda ba ce, kuma tambayar farko da za su yi ita ce wa ya fara shigar da inji kwarin. Ya ce in yi tunani. Na yi tunani, na dawo gida.

Baffa ya riga ya ji. Ya ce sai an kai shi. Na ce ƙafarsa ba za ta iya ba, ya ce ba shawara yake nema ba. Achaɓa ya kai mu bakin rafi, daga nan ya taka da sanda, muna tsayawa yana hutawa. Ya bi kututturen ɗaya bayan ɗaya yana dafa su. A kan kowanne sai ya faɗi wanda ya shaida shi. Wannan Kaka, shekarar fari. Wannan babanka, kafin a haife ka. Wannan ni, ranar da kunama ta harbe ni a can gindin dutse. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da ya gama ya zauna a kan na ƙarshe.

"Haruna, bin ka ya yi, ko kai ka kai shi?"

"Ni na kai shi, Baffa."

"Ka nuna masa saran?"

"Na nuna."

Shida suka rage: manya biyu a saman dutse inda mota ba ta isa, da ƙanana huɗu da ni na shaida. Na ce ina da dabara. Bari in bi masu kogon nan duka in sara musu shaidarmu sabuwa. In Sabo ya dawo ya yi ta ƙona mansa a banza har ya daina yarda da ita.

Baffa ya ɗago kai. Ya ce shi ma zai so ya ga mutumin nan yana kuka a kan galan. Amma in wani masassaƙi daga Doguwa ya biyo ta nan ya ga saran gidanmu a kan ruɓaɓɓen itace fa?

"Ka sa ta zama jagorar ɓarawo," ya ce. "Ba za ka sa ta zama maƙaryaciya ba ina da rai. Je ka kankare sauran."

Na ce in na kankare, ai sun tashi daga namu. Ya ce ya sani.

A ranar na yi. Kankare shaida ba ƙaramin aiki ba ne, don in ka share sara uku ka bar fili mai kyau, shi ma shaida ne. Sai ka ɓata wurin ba tsari, kamar gobarar daji ce ta lashe shi ko sa ya goga ƙaho, sannan ka shafe da laka da kashin shanu. Ƙananan ba su ba ni wuya ba. Manyan biyu na saman dutse na Kaka ne, an sabunta saransu sau da yawa har ya yi zurfi, bakinsa ya yi tauri kamar ƙarfe. Da kafaɗar nan na yi ta sara har la'asar. Baffa yana ƙasa a kan kututture, bai ɗago ya duba ba.

Akushin Alhaji Mamman ya fito ba tsaga ba tabo. Ban taɓa yin wanda ya fi shi ba. Na kai masa saura kwana uku a ga wata. Ya kira maƙwabta, suka zagaye shi, wani ya ƙwanƙwasa ya ce wannan sai tattaɓa-kunne. Dattijon ya sa mini albarka mai tsawo. Ya ce in tabbata na koya wa 'ya'yana, domin ranar da wannan ya fashe, gidanmu jikokinsa za su nufa. Na ce to, Alhaji. Ban gaya masa komai ba, ba laifinsa ba ne.

Yanzu ga lissafin, ku da kuke cewa a nemi inji. Ya rage mini aikin kwana tara. Kawo goma sha tara suka tafi: goma sha ɗaya na Kaka, takwas na Baba da Baffa. Kowanne yakan ba da manyan akusa goma sha biyu, ban da ƙanana na rassa. Na buga a allon ajinmu na yaƙi da jahilci, malam ya duba ya ce daidai ne: ɗari biyu da ashirin da takwas. Masu riƙe gizago a gidanmu mu biyu ne, yanzu ni kaɗai, don Baffa bai sake taɓa nasa ba har ya rasu da kakar shekarar. Manyan biyu na saman dutse, da na je bara na tarar da kututture. Saran gatari ne, na wani masassaƙi, kuma ba ni da bakin tambaya, don babu shaidar kowa a jikinsu. Saura huɗu. Mafi kaurinsu bai kai cinyata ba, ni kuwa shekarata hamsin da biyu.